Ƙanwata mai ciki tana cin farar ƙasa, kuma ta ajiye ƙwayoyin awo

Maman Walida:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, tun jiya abin ya tsaya mini a rai. Ƙanwata tana da ciki wata shida, na fari ne, tana nan Daura kusa da mu. Jiya na shiga ɗakinta ɗaukar abin salla, sai na ga ƙullin farar ƙasa a ƙarƙashin matashi, an ci fiye da rabi. Da na matsa mata ta ce ta kusa wata biyu tana ci, in ba ta ci ba hankalinta ba ya kwanciya, in kuwa aka yi yayyafi ƙamshin ƙasar har yawu yake tsinka mata. Ƙwayoyin da aka ba ta wajen awo suna nan cikin ledarsu, ko goma ba ta sha ba. Wai suna tayar mata da zuciya, kuma da ta ga bayan gidanta ya koma baƙi sai ta tsorata. Na ja fatar idonta na duba, fari fat. Bokiti ɗaya in ta ɗauko sai ta zauna tana haki. Innarmu ta ce kwaɗayin ciki ne, kowace mace ta yi. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba.

Anti Rabi:
Wa alaikumus salam. Allah ya raba lafiya. Ku riƙa haɗa mata lemon malt da madarar gwangwani safe da yamma, a dafa mata zoɓo mai kauri, jini zai dawo. Akwai kuma wata kwalba da ake kawowa daga waje, an ce ma'adinai sun haura saba'in a cikinta, ɗigo ake yi a ruwa. Da ɗan tsada, amma ai lafiya ta fi kuɗi.

Sista Hadiza:
Maman Walida, ni ungozoma ce a Katsina, kuma abin da kika lissafa ina ganinsa kusan kowace ranar awo. Gobe da safe ki kai ta a gwada jininta, kada ki jira ranar da aka rubuta mata a kati. Farin ido, haki, da sha'awar cin ƙasa ko tauna ƙanƙara, alamun ƙarancin sinadarin ƙarfe ne a jiki. Da wannan ƙarfen jiki yake ƙera jan abin da ke cikin jini, wanda ke ɗaukar iska daga huhu ya kai ta ko'ina. Mai ciki jininta ƙaruwa yake yi, ga ɗan tayi yana ɗibar nasa yana tarawa don watanni shidan farko bayan haihuwa, saboda nonon uwa ba shi da ƙarfe mai yawa. In ma'aunin jinin mai ciki ya yi ƙasa da 11 muna cewa ya yi ƙaranci, in ya sauka ƙasa da 7 kuwa abin ya zama na gaggawa. Abin da ke ba mu tsoro shi ne ranar haihuwa: jinin da mai ƙoshin jini za ta zubar ta miƙe, shi ne zai kayar da wadda ta zo da kaɗan.

Baƙin bayan gida ba cuta ba ne, ragowar ƙarfen ne da hanji bai tsotse ba. Tashin zuciya kuma, ta gwada sha da dare bayan ta ci abinci, da ruwa, ba da shayi ko madara ba. Farar ƙasar ita kanta tana kama ƙarfen abinci a cikin hanji ta hana shi shiga jini, sai mace ta yi ta ci kwaɗayin yana ƙaruwa.

Anti Rabi, ki yi haƙuri, malt da madara sukari ne da ɗan maiƙo, za ta ji ƙarfi na ɗan lokaci amma ba sa gina jini. Madara ma tana cikin abubuwan da ba su da ƙarfe sosai. Jan zoɓo kuma launi ne kawai.

Anti Rabi:
To Sista, kwalbar fa? Matan da suka sha sun ce sun ji daɗin jikinsu.

Malam Lawal:
Bari in sa baki, kimiyyar sinadarai nake koyarwa a sakandare. Anti, ma'adinan da jiki ke buƙata kaɗan-kaɗan, waɗanda aka tabbatar, ba su wuce goma da 'yan kai ba: ƙarfe, zink, aidin, seleniyam, jan ƙarfe, manganis da 'yan uwansu. In aka ce miki saba'in, to a tambayi mai sayarwa ya lissafo su, domin a cikin ma'adinan ƙasa har da dalma da irinta masu guba. Mu maƙwabtan Zamfara ne, mun san abin da dalma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, yara sama da 400 suka rasu. Kuma yaron da ƙarfe ya yi masa ƙaranci hanjinsa ya fi saurin tsotsar dalma. Duk abin da ba shi da lambar NAFDAC, ba a kuma rubuta miligiram nawa ke ciki ba, kada a ɗura wa mai ciki.

Ku dubi ƙanƙantar abin. Duk ƙarfen da ke jikin babban mutum giram 3 zuwa 4 ne, nauyin ƙaramar ƙusa. Aidin kuwa maikirogiram 150 ake buƙata a rana, mai ciki 250. In ka tara na shekara saba'in ba zai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Amma rashin wannan ɗan cokalin shi ke kawo maƙoƙo, in kuma a cikin ciki ya sami jariri, ƙwaƙwalwarsa ce ke biya, kuma ba ya gyaruwa daga baya.

Alhaji Idi Mai'adua:
Malam, ni ba ɗan boko ba ne, dabbobi nake saye ina sayarwa. Amma ina da tambaya. Kakanninmu gero suka ci da dawa, fura da nono, tuwo miyar kuka. Su suka yi noma da hauya tun hantsi har la'asar, matansu suka haifi goma goma ba ƙwaya ba allura. Yau an ce abincin nan bai isa ba? Mu ko dabba in muka ga tana lasar bango ko tana cin tsumma, kantu muke kawo mata ta lasa, a jiƙa mata kanwa, sai ka ga gashinta ya kwanta. Ni har gobe gishirin Balma na fi yarda da shi a kan na leda.

Gwaggo Asabe:
Alhaji, ka faɗi waɗanda suka rayu, ba ka faɗi waɗanda aka binne ba. Ni na tashi a ƙauye arewa da Daura. Mata nawa suka tafi wajen haihuwa ana cewa kwana ne ya ƙare? Uwata ta haifi goma sha ɗaya, mu biyar muka girma. Maƙoƙo kuwa, a unguwarmu kaɗai na san mata uku masu shi. Ɗaya kishiyar gwaggona ce, nata ya kai girman ƙaramar ƙwarya, kullum da mayafi a naɗe a wuya ko ana zafin bazara, in ta kwanta rigingine numfashinta har waje ake ji. Ana cewa gashi ta haɗiya a ruwa. Yanzu sai in yi shekara ban ga yarinya mai maƙoƙo ba. Wani abu dai ya canza.

Malam Lawal:
Gishiri ne ya canza, Gwaggo. Tun 1993 aka wajabta sa aidin a gishirin ci a Nijeriya, kuma ita ce ƙasar Afirka ta farko da aka shaida ta cim ma wannan buri. Aidin a teku ya fi yawa, mu kuwa muna nesa da teku, ƙasarmu ba ta da shi sosai, don haka hatsin da ya tsiro a kanta ma haka. Alhaji, kantu da balma ba wanda ya zuba musu aidin, haka aka haƙo su aka ɗoro wa raƙuma. Ga dabba suna da amfaninsu, kuma abin da ka lura da shi gaskiya ne, dabba mai lasar bango wani abu jikinta ke nema, kamar yadda ƙanwar Maman Walida ke neman ƙasa. Amma tukunyar gida, a sa mata na leda. A kuma rufe shi a gwangwani ko roba mai murfi, nesa da murhu da danshi. Wanda ake zubewa a faranti a rana a kasuwa ana aunawa, aidin ɗinsa raguwa yake yi.

Akwai wani abu game da gero da ba kowa ya sani ba. A yammacin Sudan, wajen Darfur, masu bincike sun gano cewa gero yana da wasu sinadarai da ke rage wa ƙullin nan na wuya, wanda in ya kumbura yake zama maƙoƙo, ƙarfin aiki da aidin, sai maƙoƙo ya yi yawa a inda gero ne abinci kuma aidin ya yi kaɗan. Rogon da ba a jiƙa shi sosai ba ma haka.

Alhaji Idi Mai'adua:
Yanzu kuma gero ne mai laifi? Malam, a bar mu da geronmu.

Malam Lawal:
Ba wanda zai raba Bakatsine da gero, Alhaji, ni ma da fura na buɗe baki yau. In aidin ya wadata, wancan ba abin damuwa ba ne. Gero ma ya fi farar shinkafa da taliya ƙarfe da zink nesa ba kusa ba, kuma komawar da muka yi kan shinkafa da taliya da ɗan manja da yaji ta rage mana da yawa. Matsalar ita ce a cikin ƙwayar hatsi da wake akwai wani sinadari, fayitet, da ke riƙe ƙarfe da zink ya hana hanji ɗauka. Abincin yana da shi, jiki ne ba ya samu. Abin da ke kwance wannan ƙullin kuwa iyayenmu mata sun daɗe suna yi: jiƙa gero ya kwana, barin gasara ta yi tsami kafin a dama koko, tsirar da hatsi, tsima kalwa ta zama daddawa. Kunun da aka dama da garin inji kai tsaye, da kokon da gasararsa ta kwana biyu, ba ɗaya suke ba a cikin hanji.

Wani likita, Ananda Prasad, ya ba da rahoto a 1961 kan wasu samari a Iran, shekarunsu sun kai ashirin amma jikinsu na yara, ba su balaga ba. Abincinsu gurasar alkama ce marar yisti, ba nama, kuma suna cin yumɓu. Daga nan aka gane ɗan Adam ma yana iya rasa zink, kuma rashinsa na tsayar da girma. Duk lokacin da na karanta wannan sai in tuna yaran da nake gani a aji ɗaya, ɗan shekara sha huɗu kamar ɗan tara. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 68 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar suna da ƙarancin jini, mata masu shekarun haihuwa kashi 58. A tsumburewar yara kuwa jiharmu tana cikin na gaba-gaba, kusan shida cikin goma.

Maman Walida:
Innalillahi. Malam, to me zan riƙa ba ta? Gaskiya nama kullum ya fi ƙarfinmu, mijin nata ɗinki yake yi.

Sista Hadiza:
Ba sai kullum ba. Ƙarfen da ke cikin nama da kifi shi jiki ya fi saurin ɗauka, kuma ko kaɗan aka sa a miya yana taimaka wa na ganye da wake shiga. Busasshen kifi ƙanana a daka su da ƙayarsu a zuba a miyar kuka. Fara in lokacinta ne, a wajen mai tsafta. Hanta tana da ƙarfe sosai, sai dai mai ciki ba a so ta yawaita ta saboda bitamin A ɗinta ya yi yawa, ɗan yanki jefi-jefi ya isa. Sai wake, zogale, rama, alayyafo, ƙuli-ƙuli, riɗi. Dabarar ita ce a haɗa da mai tsami ɗanye a lokaci guda: a matsa lemon tsami a kwaɗon zogale, a yanka tumatir, ta ci gwaiba ko lemo bayan ɗanwake, ko a dama mata garin 'ya'yan kuka, wannan farin na cikin ƙwallon, yana da bitamin C mai yawa. Shi ke buɗe wa ƙarfen ganye hanya.

Amma in faɗa miki gaskiya, wadda ta kai wata shida idonta ya yi fari, abinci kaɗai ba zai cike ramin kafin haihuwa ba. Ƙwayar nan dole ce. Kuma ba ƙarfe kaɗai ke shan jini ba, zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna yi, don haka ta karɓi maganin rigakafin zazzaɓin da ake bayarwa wajen awo, ta kwana a gidan sauro.

Abu Sadiƙ:
Sista, kin ambaci shayi. Ni gidana ba a karyawa sai da shi, yara ma da kofinsu. Da dare kuma in mun ci tuwo sai in dafa na buta mai kauri. Har da shi?

Sista Hadiza:
Har da shi, Baban Sadiƙ. Ɗacin ganyen shayi yana kama ƙarfen hatsi da ganye. Ba cewa na yi a daina ba, a ba shi tazarar awa ɗaya ko biyu da abinci. Yara ƙanana kuwa, shayi da burodi cika ciki ne kawai. Koko da ƙosai ya fi musu.

Abu Sadiƙ:
Na gode. Ni ma ina da abin da zan ƙara, kan zink. Bara da damina ɗana ɗan wata tara ya yi gudawa, kwana uku, har maɗigarsa ta faɗa. Na je wani kemis aka haɗa mini magunguna kala huɗu, ba gishiri da sukari a ciki, ba zink. Sai da muka je asibiti aka ba mu ruwan gishiri da sukari na leda da ƙwayar zink, aka ce a narka ta a cokali da ruwan nono, ɗaya kullum har kwana goma. A rana ta uku gudawa ta tsaya, uwarsa ta ce a ajiye sauran. Na ce a'a, an ce goma. Na riƙa ba shi da hannuna kafin in fita.

Sista Hadiza:
Allah ya yi maka albarka, nan ne yawancin iyaye ke tsayawa. A shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka bayar a 2004, miligiram 20 ne a rana ga wanda ya wuce wata shida, 10 ga wanda bai kai ba, kwana 10 zuwa 14.  Gudawa tana wanke zink daga jiki, cikasa kwanakin yana gyara bangon hanji, yana kuma rage dawowar gudawar a watanni biyu zuwa uku masu zuwa. Sai dai ba abin sha kullum ba ne don kawai ana son ƙarin lafiya. Zink in ya yi yawa yana hana jiki ɗaukar jan ƙarfe, wannan ma ya jawo nasa ƙarancin jinin.

Gwaggo Asabe:
Sista, tunda ana maganar gishiri, kunun kanwa fa na masu jego? Mu da shi aka yi mana, kwana arba'in, da wankan ganye. An ce yana kawo nono yana ƙara ƙarfi.

Sista Hadiza:
Gwaggo, da girmanki, a nan ina da ja. Kanwa ba ta da aidin, ba kuma maganin jini ba ce, danginta ɗaya da gishiri wajen tara ruwa a jiki da hawan jini. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya bayan haihuwa a ƙasar Hausa, mace ta kumbura tana haki, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da zafin wanka da kwanciya a gadon wuta. Daga baya likitocin zuciya a Kano suka auna jinin masu wannan ciwo, suka ga da yawansu seleniyam ya yi musu ƙaranci. Ba abu ɗaya ke kawo shi ba, amma na ga mata da dama da aka kawo mana ƙafa kamar turmi ana cewa sanyin jego ne. A dama kunun, a sa tsamiya ko gyaɗa, kanwar a rage ta sosai, mai hawan jini kuwa kada ta kusance ta.

Gwaggo Asabe:
To. Ni dai an yi mini lafiya lau. Amma na tuna wata ɗiyar maƙwabta da ta kumbura haka bayan suna, ba ta kai arba'in ba. Allah ya jiƙanta.

Alhaji Idi Mai'adua:
Malam Lawal, ka ce ƙasa in ba ta da abu hatsi ma ba zai samu ba. To ba a gyara ta nan? Mu manoma a ba mu abin yi mana, ba kullum ƙwaya ba.

Malam Lawal:
Ana yi, Alhaji. Ƙasar Finlan ƙasarta ba ta da seleniyam sosai, tun 1984 suka fara zuba shi a takin zamani, ya shiga hatsi da madara da nama. Kusa da mu kuma, cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta fitar da wani irin gero a Nijar a 2018, sunansa Chakti, wanda aka zaɓo shi saboda ƙarfensa ya fi na sauran, kuma yana nuna da wuri. Kai da ke bakin iyaka, ka tambayi malaman gona ko masu sayar da iri. Takin gargajiya ma kada a raina shi, gonar da ake kwashe mata kara da harawa kowace shekara ba a mayar mata da komai, zink ɗinta ƙarewa yake yi.

Anti Rabi:
Na ji bayaninku. Ni ma saya nake yi ina sha, ba sayarwa nake ba. Na duba kwalbar yanzu, ba lambar NAFDAC a jiki. Zan ajiye ta.

Maman Walida:
Salam 'yan uwa, mun dawo daga asibiti. Jininta 8.4 ne, kuma an sami zazzaɓin cizon sauro a jikinta ko da ba ta jin zafi. Sun ba ta maganinsa da na tsutsa, sun ƙara mata yawan ƙwayar ƙarfen, sun ce mu koma bayan mako huɗu a sake aunawa, kuma lallai a asibiti za ta haihu. Farar ƙasar na kwashe na zubar, ta yi kuka. Inna da ta ji lambar daga bakin ma'aikaciyar sai ta yi shiru, da muka dawo ita da kanta ta aika a sayo busasshen kifi. Na duba gishirinmu kuma, na awo ne a buɗaɗɗen kwano kusa da murhu, na canza.

Sista Hadiza:
Alhamdu lillahi da kuka je. Kukan farar ƙasar zai wuce, in ƙarfen ya fara hawa sha'awar takan mutu da kanta cikin 'yan makonni. Ko ta haihu ta ci gaba da sha har wata uku, don rumbun ya sake cika. Abu biyu: kada ta raba ƙwayar da kowa, musamman mai sikila, shi ba a ba shi ƙarfe sai likita ya auna. Sannan ki ɗora ledar a saman durowa inda hannun Walida ba zai kai ba. Jajaye ne kamar alewa, kuma in ƙaramin yaro ya haɗiye su da yawa suna kisa.

Maman Walida:
Na ɗauke su yanzu, suna cikin akwatina na kulle. Ni zan riƙa kai mata kowane dare bayan isha'i in tsaya ta haɗiye.